Daga Ƙwayar Zarra Zuwa Gaɓar Teku da Ɗakin Shan Magani

Jawabin da aka gabatar a zaman ƙara wa juna sani na reshenmu



An ɗora mana nauyin mu tsakuro wa wannan zama wani abu daga binciken kimiyya na 'yan shekarun nan. Fagen yana da faɗi, lokaci kuma kaɗan ne, saboda haka muka zaɓi fannoni uku: kimiyyar kwantum, wadda ke nazarin ƙwayar zarra da haske; nazarin teku da gaɓarsa; sai kuma likitanci. Wanda ya ji wannan jeri zai iya cewa me ya haɗa kifi da kaska. Muna roƙon a yi mana haƙuri zuwa ƙarshe, domin akwai igiya guda da ta ɗaure ukun, kuma bakin igiyar yana cikin gidajenmu, inda ake kwana da yaro mai zazzaɓi a tsakiyar damina.

Mu fara da haske. Idan aka kwance bakin buhun gero ana juye shi, wanda ke tsaye daga nesa zai ga kamar ruwa ne ke kwarara. Sai ya matso ya tara hannu sannan zai ga ƙwaya-ƙwaya ne. A shekarar 1900 wani masani Bajamushe mai suna Max Planck ya gano cewa lissafin hasken da abu mai zafi ke fitarwa ba ya daidaita har sai an ɗauka cewa makamashi ma ƙwaya-ƙwaya yake fita, kamar geron nan. Ƙwaya ɗaya daga ciki ita aka kira kwantum. A 1905 Albert Einstein ya nuna cewa haske kansa haka yake, ya kuma bayyana yadda ƙwayar haske ke bugun ƙarfe ta fisgo elektiron daga cikinsa. A 1925 Werner Heisenberg, yana ɗan shekara 23, ya shimfiɗa lissafin da ke bayyana halayyar ƙwayar zarra, Erwin Schrödinger kuma ya zo da nasa a 1926. Cikar shekara ɗari da wannan aiki ce ta sa Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2025 a matsayin shekarar kimiyyar kwantum, kuma maƙwabciyarmu Gana ce ta gabatar da ƙudurin a zauren Majalisar a 2024.

Wannan ilimi da ya fara a matsayin lissafi a kan takarda, yau yana cikin aljihun kowannenmu. Taransista, wadda aka ƙirƙira a Amurka a 1947, ita ce tubalin ginin rediyo da kwamfuta da wayar hannu, kuma ba don an fahimci halayyar elektiron ba da ba a ƙera ta ba. Farantin sola da ke kan rufin asibitin unguwa yana aiki ne da ƙwayoyin hasken nan da ke tunkuɗa elektiron su zama wutar lantarki. Farin ƙwan tocila da ba ya cin batir ya samu ne bayan masana uku 'yan asalin Japan sun yi nasarar ƙera ƙwai mai shuɗin haske, aikin da ya ba su lambar yabo ta Nobel a 2014.

A wannan ƙaramar duniya akwai al'amura masu ɗaure kai. Yaro ya jefa ƙwallo jikin katanga, dole ta dawo masa. Elektiron kuwa, idan katangar siririya ce ƙwarai, wani lokaci sai a tsince shi a ɗaya ɓangaren alhali ba shi da ƙarfin tsallakewa. Da wannan hali nasa ake rubuta hotuna da saƙonni a cikin katin ajiya na waya. An daɗe ana zaton ƙwaya ɗaya tilo ce kaɗai ke iya yin haka. A 1984 da 1985, a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, John Clarke da Michel Devoret da John Martinis suka nuna cewa da'irar lantarki sukutum, wadda mutum zai iya riƙewa a hannu, tana yin wannan ratse idan aka sanyaya ta matuƙa. Sai a 2025, bayan shekara arba'in, aka ba su lambar Nobel, domin a kan aikinsu aka gina ɗaya daga cikin manyan hanyoyin ƙera kwamfutar kwantum.

Kwamfutar da muka sani tana lissafi da ɗigo mai hali biyu, ko sifili ko ɗaya. Ɗigon kwamfutar kwantum yana iya riƙe gaurayen biyun har zuwa lokacin da za a auna shi, kuma da wannan ake fatan warware wasu lissafai da suka gagari kwamfutocin yau, kamar na yadda sinadarai ke haɗuwa su zama magani. Matsalarta ita ce yawan kuskure, domin ɗan zafi ko ɗan girgiza yana rikita ta. Shi ya sa ake ajiye irin wannan na'ura cikin sanyin da ya kusa maki 273 ƙasa da sifili. A watan Disamba na 2024 kamfanin Google ya fitar da wata ƙwaƙwalwa mai suna Willow, mai ɗigo 105, ya nuna cewa idan aka haɗa ɗigo masu yawa suna gyara wa juna, kuskuren raguwa yake yi maimakon ƙaruwa. Ci gaba ne na gaske, amma har yanzu na'urar ba ta kai ga yi wa jama'a aikin yau da kullum ba.

A nan muna da gargaɗi. Kalmar kwantum ta shigo kasuwa. Akwai masu yawo da wata na'ura da suke laƙaba wa wannan suna, su ba mutum ƙarfe ya riƙe na minti ɗaya, kwamfuta ta jero masa cututtukan hanta da ƙoda da jini, daga nan su buɗe jaka su sayar masa da magani. Wannan ba shi da tushe a kimiyya. Ciwon suga da jini ake gane shi, zazzaɓin cizon sauro ma da jini, hawan jini kuma da ma'auninsa. Duk wanda aka nuna wa irin wannan sakamako, ya nufi asibiti kafin ya taɓa aljihunsa.

Babbar kyautar da wannan kimiyya ta ba duniya, a ganinmu, agogo ce. Tun 1967 ma'anar sakan ɗaya ita ce lokacin da wani haske da ya dace da ƙwayar zarrar sinadarin siziyam ke ɗauka ya kaɗa sau 9,192,631,770. Irin waɗannan agogunan zarra ne ke cikin taurarin ɗan'adam masu nuna wa waya inda take. Haske yana tafiyar kusan santimita 30 cikin kashi ɗaya bisa biliyan na sakan, saboda haka kuskuren da ƙiftawar ido ta fi shi tsawo nesa ba kusa ba ya isa ya ɓata awo. Da wannan agogo za mu gangara bakin teku.

Tun 1993 taurarin ɗan'adam ke auna tsayin ruwan teku ba yankewa. Wanda ake kira Sentinel-6, da aka harba a 2020, yana shawagi a nisan kilomita 1,336 daga doron ƙasa. Yana aika sigina zuwa fuskar ruwa, ya ƙirga lokacin da ta ɗauka ta dawo, agogunan zarra kuma su taimaka a san daidai inda shi kansa yake a sararin sama. Idan aka tattara awo miliyoyi, sai a ga canjin da bai wuce kaurin farce ba. Abin da awon ya nuna shi ne ruwan teku ya ƙaru da kusan santimita 10 daga 1993 zuwa yau. Kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ya bayyana cewa daga 1901 zuwa 2018 ƙaruwar ta kai kusan santimita 20, kuma saurinta ya tashi daga milimita 1.3 a shekara tsakanin 1901 da 1971 zuwa milimita 3.7 tsakanin 2006 da 2018.

Manyan dalilai biyu ne suka kawo haka. Na farko, ruwa yana kumbura idan ya ɗumama, teku kuwa shi ya shanye kusan kashi 90 cikin ɗari na zafin da ya ƙaru a duniya. Kowa zai iya gwadawa: a cika kwalba da ruwa fal, a huda murfin a zura tsinken shan lemo a liƙe gefensa, a ajiye a rana, za a ga ruwan yana hawa. Na biyu, ƙanƙarar da ke kan tudu a Girinlan da Antatika da kawunan manyan duwatsu tana narkewa tana gangarawa teku. Ƙanƙarar da dama tana yawo a kan ruwa kusan ba ta ƙara masa tsayi idan ta narke, kamar dai ƙanƙara a cikin kofi. Ta kan tudu ce abin tsoro.

Binciken baya-bayan nan ya ƙara wani abu da ba a ba shi muhimmanci a da ba: a birane da dama ƙasar ce ke nitsewa, har fiye da yadda ruwan ke hawa. A Jakarta ta Indunusiya an yi shekarun da wasu unguwannin arewacin birnin ke nitsewa fiye da santimita 10 a shekara, saboda yawan zuƙe ruwan ƙarƙashin ƙasa ta rijiyoyin burtsatse. Wannan na cikin dalilan da suka sa ƙasar ta kafa doka a 2022 ta gina sabon babban birni a tsibirin Borneo. Legas ma a kan yashi da laka aka gina yawancinta, kuma awon taurarin ɗan'adam ya nuna wasu sassanta suna nitsewa.

Najeriya na da gaɓar teku mai tsawon kusan kilomita 853. A garin Ayetoro na jihar Ondo teku ya ci gidaje da makarantu, yara suna ganin inda ajinsu yake a da ya zama ruwa. A Keta ta ƙasar Gana zaizayar ta tsananta bayan an kammala madatsar ruwa ta Akosombo a 1965, domin yashin da kogin Volta ya saba kai wa gaɓa yana cike gurbin wanda igiyar ruwa ta kwashe, yanzu yana kwantawa ne a bayan madatsa. Haka madatsar Kainji, da aka kammala a 1968, take tare wani kaso na lakar da kogin Kwara zai kai yankin Neja Dalta. Masana sun kuma tabbatar da amfanin dazukan nan da ke tsirowa cikin ruwan gishiri a bakin teku: saiwoyinsu na riƙe laka, suna karya ƙarfin igiyar ruwa, kifi kuma a cikinsu yake hayayyafa. Mafi girman irin wannan daji a Afirka yana Najeriya, kuma sara da malalar mai suna cin sa.

Mai sauraro zai ce mu da muke nesa da teku ina ruwanmu. Ruwanmu kuwa daga can yake zuwa. Iskar damina daga tekun Atlantika take ɗauko danshi ta kawo mana. Bayan farin da ya addabi yankin Sahel a shekarun 1970 da 1980, an daɗe ana ɗora laifin kan manoma da makiyaya, ana cewa su suka sare itatuwa suka kuma cinye ciyawa har hadari ya ƙaurace. A 2003 Alessandra Giannini da abokan aikinta suka wallafa bincike a mujallar Science da ya nuna cewa sauyin ɗumin ruwan tekuna ya isa ya bayyana mafi yawan wannan fari. Lalacewar ƙasa tana ƙara masa tsanani ne. Wato iyayenmu sun ɗauki laifin da mafi yawansa ba nasu ba ne. Yau da ɗumin teku masu hasashen yanayi ke fara lissafin yadda damina za ta kasance. Damina kuwa ita ke kawo sauro, sauro kuma ya kai mu ɗakin shan magani.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2023 an samu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro sau miliyan 263 a duniya, mutum kusan 597,000 suka rasu, mafi yawansu yaran Afirka 'yan ƙasa da shekara biyar. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwar a Najeriya suke. An shafe shekaru da dama ana neman allurar rigakafi ba a dace ba, domin ƙwayar cutar tana sauya kama: daga sauro ta shiga hanta, daga hanta ta shiga jini, kowane mataki da irin rigar da take sawa. A watan Oktoba na 2021 Hukumar ta amince da allura ta farko, RTS,S, wadda aka fara ba yara a Gana da Kenya da Malawi tun 2019. A inda aka ba da ita mutuwar yaran da suka isa karɓarta ta ragu da kashi 13 cikin ɗari. A Oktoban 2023 ta amince da ta biyu, R21, wadda Jami'ar Oxford ta Ingila ta ƙirƙira, ake kuma sarrafa ta a Indiya. An gwada ta a kan yara 4,800 a Burkina Faso da Mali da Kenya da Tanzaniya. A wuraren da zazzaɓi ke zuwa da damina, irin namu ke nan, idan aka yi allurar kafin saukar ruwa, kamuwa tana raguwa da kusan kashi 75 cikin ɗari a shekarar farko. Kamaru ta shigar da rigakafin zazzaɓin cikin allurar yara a Janairun 2024, Najeriya kuma ta fara a Disambar 2024 daga jihohin Kebbi da Bayelsa.

Abubuwa biyu ya kamata iyaye su riƙe. Allurar sau huɗu ake yin ta, ana farawa daga wata biyar, kuma wanda aka yi wa ɗaya ko biyu aka tsaya bai samu cikakkiyar kariya ba. Sannan ba ta ɗauke gidan sauro ba, ba ta kuma ɗauke maganin nan da ake bi gida-gida ana ba yara wata-wata da damina ba. Haɗa su ne ke kawo kariya mafi ƙarfi. A ɓangaren sanƙarau kuma, a 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar allura mai suna Men5CV, wadda ke kare mutum daga nau'i biyar na ƙwayar cutar a lokaci guda.

Sai amosanin jini, wanda babu ƙasar da ake haihuwar masu shi kamar Najeriya. A ƙarshen 2023 Birtaniya da Amurka suka amince da wani magani mai suna Casgevy. Ana ɗebo ƙwayoyin da ke haifar da jini daga jikin majiyyaci, a gyara su da wani almakashin ƙwayoyin gado da ake kira CRISPR, wanda ya ba Emmanuelle Charpentier da Jennifer Doudna lambar Nobel a 2020, a share ɓargon majiyyacin da magani mai ƙarfi, sannan a mayar masa da su. Gyaran yana farkar da irin jinin da jariri ke da shi a cikin mahaifa, wanda ba ya lanƙwashewa kamar lauje. A gwajin, mutum 29 cikin 31 sun yi aƙalla shekara guda ba su sami mummunan tashin ciwo ba. Kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne ga mutum ɗaya. Ke nan an samu maganin, amma ya yi nisa da mafi yawan masu ciwon.

Duk da haka akwai abin da ke kusa. Likitocinmu a asibitocin Kano, tare da abokan aikinsu na Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, sun yi bincike a kan yara masu amosanin jini. Suna auna gudun jini a jijiyoyin kai da na'ura, su gano waɗanda ke cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki, su ɗora su kan wata tsohuwar ƙwaya mai sauƙin kuɗi da ake kira haidiroksiyuriya. Sakamakon ya nuna cewa ɗan ƙaramin awo na ƙwayar a kullum yana rage wannan haɗari ƙwarai. Sannan akwai lissafin da ɗan aji shida zai iya riƙewa: idan uwa da uba duk AS ne, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS. Kowane ciki da nasa lissafin. Haihuwar mai ciwo ɗaya ba ta ba ukun da ke biye tabbacin kuɓuta. Gwajin jini kafin a yi nisa a neman aure ya fi dala miliyan biyu sauƙi.

Ba za mu rufe wannan babi ba tare da faɗin abin da ke zukatan iyaye ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, wani kamfanin magunguna na Amurka ya yi gwajin magani a kan yara kusan 200 a Kano. Yara 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin jihar a 2009. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Amma mun kuma ga abin da gudun ya jawo: da aka dakatar da rigakafin shan inna a wasu jihohinmu a 2003, cutar ta bazu zuwa ƙasashe da dama, yara suka nakasa, kuma sai a watan Agusta na 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar. Maganin tsoro shi ne tambaya. Wa ya gwada wannan magani, a ina, a kan mutum nawa, me aka gani, kuma hukumar NAFDAC ta amince da shi? R21 tana da amsar kowace ɗaya daga cikin waɗannan. Mai ƙarfen riƙewa a bakin kasuwa ba shi da amsar ko ɗaya.

'Yan'uwa, kun ga igiyar da muka ambata. Agogon da aka gina a kan ƙwayar zarra ya taimaka aka auna teku, ɗumin teku yana juya damina, damina kuma ita ke faɗa wa ma'aikacin lafiya lokacin da allura ta fi amfani. A ƙauyuka da unguwanni da yawa, idan aka ji sabon abu a rediyo, malamin makaranta ake tara a ƙofar gida a tambaya ko gaskiya ne. Amsar da za mu bayar tana iya sa a kai jariri allura ta uku da ta huɗu, tana kuma iya sa a ajiye katin a ƙarƙashin katifa. Saboda haka muna roƙon kowannenmu, kafin faɗuwar damina mai zuwa, ya je asibitin da ke kusa da makarantarsa ya tambayi ranakun rigakafi da irin alluran da suka iso yankinsa, domin idan an tambaye shi ya amsa da sani.